Sirdin da Surukina Ya Ɗinka

Tun ranar da anka sauko da ni daga motar kasuwa a tashar Tawa, ina tafiya ƙafafu a buɗe, 'yan fadarmu ba su bar ni na sha shayi da daɗi ba. Wannan ya ce, "Sahabi, yaya arewa?" Wancan ya ce, "Wai ina akwatinka?" Mai dariya na yi, mai tausayi na yi, kuma duka biyun haushi suke ba ni. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, kowa ya ji, kada a ƙara tambayata. Abu guda nake roƙo: labarin nan kada ya kai Takanamat.

Ga wanda bai san ni ba, aikina allurar rigakafin dabbobi. Ni ba likita ba ne, ko da yake haka makiyaya suke kirana. Akwai likitan dabbobi na gaske a cikin gari, mai shagon magani, wanda muke ce ma Patron. Shi ke ba ni magani cikin gilasiya, wato akwatin ƙanƙara, in bi rijiyoyin da ke bayan Takanamat ina yi ma awaki da tumaki allura. Da akwatin nan na yi aure, da shi nake ciyar da gidana, ban iya wata sana'a ba. Da can da moto nake zuwa, wato babur. Amma kun san yadda dajin ya koma. Yanzu ƙarar moto ba alheri take kawowa ba. Mata na jin ta sai su kwashi yara su shige daji, maza su kore dabbobi, ka iske ruga wayam, tukunya bisa wuta. Dole na koma hawan keke, ga furfura a gemu.

Ƙafa ba ta gaza ba, numfashi bai gaza ba. Wurin zama ne ya ci amanata. Tafiyar rabin yini kawai, sai matsematsina su saluɓe, maruru ya fito inda ba a nuna ma mutane, gabana ya mutu kamar ba jikina ba. Zagaye biyu na yanke ban kai ƙarshe ba. Patron ya kira ni bayan kanta ya ce, "Malam Sahabi, ina ganin girmanka, amma makiyaya ba su jira. Da ruwan farko ya faɗi za su tashi. In wanga karo ba ka kai rijiyar ƙarshe ba, wani zan ba akwatin." Bai ko ɗaga murya ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Matata Habsu ce ta ce, "Kai da surukinka baduku ne? Baba ya ɗinka sirdin doki, ya ɗinka na raƙumi, na keke ne zai gagare shi? Tunda hanyarka ce, ka tsaya ka gaya mishi."

Na ce, "In gaya mishi mi? To ke ki kira shi a waya ki faɗa."

Ta dafe ƙirji. "Ni? In faɗa ma Baba inda ke yi maka ciwo? Allah ya tsare ni!"

Don haka na nufi kasuwa, wurin Illa mai gyaran keke, ko zan samu abin da zai raba ni da wannan magana. Illa ya zube mini sirada a ƙasa. Akwai wani siriri mai tauri, da tsaga a tsakiya, na gwanjo, ya ce irin shi masu tseren keke ke hawa su yini bisa. Na ce ya raina mini hankali, mutum mai rauni za a ɗora bisa bakin fartanya? Na zaɓi mafi faɗi, mai sifirin biyu a ƙasa. Na sa ya yanko soson tsohuwar katifa ya ɗora, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure da robar cikin taya, har sirdin ya yi tozo. Da na danna da hannu na ji laushi, raina ya yi fari. Illa ya ce, "Hannu ka danna da shi, ba da hannu za ka zauna ba." Na ce ya kama bakinshi.

Na fita da sanyin safiya, akwati ɗaure a kariyar bayan keke, gorar ruwa a gaba. Farkon tafiya kamar sarki. Da rana ta ɗaga, zufa ta fara sauka, soson ya shanye ta ya yi ta dafa ni daga ƙasa. Faɗin da na zaɓa da kaina shi ya riƙa gurzar cinyoyina duk taka feda guda. Ga hanya ja mai gargada, kowace kunyar hanyar sai ta ratsa ni har haƙora.

A bariyar jandarma anka tsayar da ni. Sun san ni, sun duba kati, sun buɗe akwati sun ga kwalabe. Har zan wuce, wani sabon zuwa da ban taɓa gani ba ya tsura ma sirdin ido. Ya matsa shi da yatsa ya ce, "Baba, mi ka ɓoye nan ciki?" Na ce soso ne. Ya ce soson mi? Na ce na katifa. Ya ce mai keke da katifa? Ya fiddo wuƙa ya tsarge robar, ya warware tsumman ɗaya bayan ɗaya, mata masu tallar gyaɗa na kallo. Da bai ga komi ba ya ce in yi haƙuri, zamani ne. Ban ga laifinshi ba, amma ɗaurin da na sake yi a bakin hanya ya fito da ƙulli a daidai inda bai kamata ba.

Garin Afala da nake isa kafin azahar, sai bayan la'asar na shige ta, ina tura keke. Na sauka gidan abokina Kadri, malamin lakkol, wato makarantar boko. Matarshi ta kawo dambu da zogale, da fura mai sanyi cikin ƙwarya. Anka shimfiɗa tabarma, na ce na fi son ci a tsaye, wai don ƙafa ta miƙe. Kadri ya dube ni ya fashe da dariya har ya ƙware. Kafin magariba rabin unguwa sun san halin da nake ciki, kuma kowa ya zama likita. Wani ya ce man shanu. Wani ya ce garin bagaruwa. Wani tsoho ya rantse da fatar rago mai gashi, ya ma je ya kawo tashi ta salla ya ce in ara. Washegari na shimfiɗa ta bisa soso na hau. Gashin ya kama ƙarangiya da yashi, ya zama kamar ina zaune bisa magagari. Tun ban yi nisa ba na cire ta na naɗe.

Haka na ja jiki zuwa Takanamat. Na fara biyawa gidan likita, asibitin garin, na roƙi alfarma anka sa mini kwalaben cikin firijinsu mai aiki da hasken rana, sannan na nufi gidan surukai.

Ku da kuke dariya, dukanku kuna da surukai, kun san abin da nake faɗi. Tun da na auri Habsu ban taɓa cin abinci gaban Baba ba. Ban taɓa kiran sunanshi ba. Ban taɓa zama daidai da shi ba, daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Ranar nan da na durƙusa a bakin rumfarshi, maruru ya matsu, na ga taurari da rana tsaka. Na cije na yi gaisuwa har ƙarshe, gida, gajiya, zafi, mutanen Tawa.

Baba tsoho ne mai ƙarancin magana. Yana zaune cikin fatu, basilla a hannu, amma tun daga bakin hanya ya ga irin tafiyata. Ya dubi keken, ya dubi tozon soso da ke bisa, ya ce, "Malam, wanga sirdi ba shi da lafiya."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Shina cutar ka?"

"Kaɗan, Baba."

"Ina?"

Wallahi na buɗe baki da niyyar gaskiya. Tun daga Afala nake shirya kalmomin da zan faɗa, masu ladabi, waɗanda ba za su kunyata kowa ba. Amma da na ɗaga ido na ga farin gemun mutumin da ya ba ni 'yarshi, harshena ya ƙi. Na ji bakina ya ce, "Ƙugu ne, Baba. Ƙugu ke ciwo."

Ya ajiye basilla. Sannan ya ce, "Ƙugu. To."

Ashe yana da yadda yake aikinshi. Ba ya yanka fata sai ya ga zaman mai hawa. A gefen rumfar akwai ɗan tudun yashi. Ya tashi da kanshi ya yayyafa mishi ruwa, ya lallaɓa shi da tafin hannu har ya yi sumul. Ya ce, ba ni yake kallo ba, "Masu doki nan suke zama in ga inda ƙashinsu ke sauka. Kowane mutum da nashi faɗin. In ban gani ba, sai dai in yi da ka." Ya ɗauki butarshi ya ce za shi masallaci. Ko kiran salla ba a yi ba, rana ma ba ta karkata ba. Na gane sarai. Fili ya ba ni.

Na duba hagu, na duba dama, ba kowa. Na tattare riga na zauna bisa yashin nan. Sanyinshi ya ratsa ni, rabona da jin daɗin zama irin wannan har na manta. Da na tashi na waiwaya, sai ga shi ƙarara: ramuka biyu, da duk abin da ke tsakaninsu, kamar an zana. Na tsaya ina kallo. Na tuna tsohon nan zai dawo daga masallaci da alwala, ya durƙusa a kan wannan, ya auna da yatsunshi, ya san na mijin 'yarshi ne. Kafin in yi shawara da kaina, ƙafata ta riga ta share shi. Na bi da tafin ƙafa na baje wurin tas.

Da ya dawo ya tsaya a kan yashin. Ya ga sawun ƙafa. Ya zauna ya jawo fata.

Kwana biyu ya yi a kan aikin, ni ina ɗakin baƙi kwance rub da ciki, surukuwata na aiko mini da tuwo da man shanu da maganin ƙugu na shafawa. Na shafa a ƙugun, don kada a ce na raina. Sirdin da ya fito, jama'a, kun gan shi. Jar fata, da ɗinkin kore da rawaya, da tuntaye a gefe. Ya cire soso duka, ya sa ƙirgi mai ƙarfi bisa ƙarfen. Kuma tunda ciwon ƙugu anka gaya mishi, ya tayar mishi da majingini a baya kamar na sirdin doki, don ya tallafi ƙugu. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba. Na karɓa hannu biyu na yi godiya.

Na ɗauko magani da sabuwar ƙanƙara na kama hanyar arewa. Ƙanƙarar Takanamat ba ta kai ta Tawa ƙarfi ba, da ƙyar take kai la'asar, dole in isa rijiyar farko kafin rana ta yi tsaka, in wuce sauran. Ban yi nisa ba na san na mutu. Da can in ciwo ya ishe ni nakan ja baya kaɗan in zauna a kan gefen sirdi in huta. Yanzu majinginin ya hana. Ya tokare ni ta baya, ya tura ni gaba, ya dasa ni daidai bisa ƙurjin, ba motsi. Tsohon ya yi aiki mai kyau, ƙuguna bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Na gwada taka feda a tsaye, yashi ya kama taya. Na zauna, na yi ihu ni kaɗai a daji. Wajen hantsi na ji abu ya fashe, ɗumi ya bi cinyata, wando ya manne. Daga nan ban ƙara hawa ba. Na tura keke cikin yashi, rana na dukan ƙeyata, zazzaɓi na tasowa. Duk inda na ga 'yar inuwar aduwa sai in tsaya in ɗora kunne a jikin akwati in girgiza shi. Da farko ƙwal-ƙwal nake ji, ƙanƙara na bugun juna. Daga baya sai na ji ruwa kawai ke kaɗawa. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Namiji da ni, na jingina da keke na yi kuka.

Sai gab da faɗuwar rana na isa rijiyar farko. Agali ne ya tarbe ni, wani Buzu da na daɗe ina yi ma dabbobinshi allura. Ya tara awaki tun safe yana jirana, wasu ma sun gaji sun kore nasu. Na buɗe akwati na tsoma hannu, ruwan ɗumi kamar na wanka. Maganin nan in ya ji zafi ya tashi aiki. Ko ka tsira ma dabba, ruwa ka tsira mata. Na ce, "Agali, sallami awakinka. Babu allura."

Bai yi faɗa ba. Ya dubi wandona ya ce, "Likita, kai ne ke son allura." Ya kai ni bayan tanti, ya kawo ruwan ɗumi da gishiri da wani baƙin magani da suke sa ma raƙumi in sirdi ya ci mishi baya. Su mutanen nan abin mamaki gare su. Bakinsu suke rufewa da rawani, ko shayi za su sha sai su tura kofin ta ƙarƙashi, amma zancen ƙurji a mazaunai yana yin shi kamar zancen farashin gero. Ya ce raƙumi ma ba laushi yake so ba, so yake nauyi ya sauka bisa ƙashi, a bar wurin ciwo a sarari. Ya shafa sirdina ya ce, "Wanda ya yi wanga gwani ne. Amma ba naka ba ne. Mi ya sa ba ka gaya mishi ba?"

Na ce, "Surukina ne."

Sai ya ja rawaninshi sama har ƙarƙashin ido, kamar surukin nawa na tsaye a wurin. Ya ce, "A'a. To ba magana." Ya ce shi in nashi surukin ya shigo zango, ko ruwa ba ya sha sai ya fita. Munka zauna, shi a zaune ni a kishingiɗe, munka sha shayi da cuku mai tauri, ba wanda ya ƙara tada zancen. Matarshi ta dama mini gero da cuku da dabino, abu mai daɗi, amma bakina ɗaci yake.

Kwanaki na yi a tantinshi har zazzaɓi ya sauka. Ina kwance na ga hadari ya haɗu a gabas, na ji ƙamshin ruwan farko, na ji suna shawarar tashi. Ranar kasuwa ya ɗora ni bisa amalanken jaki, ni da keke da akwati, zuwa inda mota ke tsayawa.

Saura abu guda da ban gaya ma kowa ba sai yau. Motar ta tsaya a Takanamat ɗaukar kaya, kuma rumfar Baba na bakin hanya. Ba zai yiwu in wuce ban gaishe shi ba, ba zai yiwu kuma ya gan ni ina tura keken da ya yi ma sirdi ba. Na sa anka sauko mini da shi tun daga bayan gari. Na hau. Na zauna bisa ɗanyen rauni, na taka har ƙofar rumfarshi, ina murmushi, tuntaye na kaɗawa. Na sauka na durƙusa.

Ya ce, "Malam, yaya ƙugun?"

Na ce, "Ya warke, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ya dubi ƙasa inda na durƙusa, ya dubi fuskata. Ya ce, "Madalla."

A Tawa ban tsaya dogon bayani ba. Na ajiye akwatin bisa kanta, kwalabe cike, Patron ya ƙirga da ido ya ce Allah ya ba ni lafiya. Yanzu akwatin na bayan keken wani. Ina ganin shi yana wucewa ta ƙofar gidana da safe, kuma sirdin da ke ƙarƙashinshi siririn nan ne mai tsaga da Illa ya nuna mini. Ni kuwa ga ni nan tare da ku tun hantsi, ina jiran a zuba mini shayin da ban sa ko sukari a ciki ba. Buhun geron gidana ya kusa kai ƙasa, kuma ban san abin da zan yi ba in ya ƙare.

Makon jiya direban motar Takanamat ya yi sallama a ƙofar gidana, ya sauke wani faffaɗan faranti mai nauyi, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ya ce tsoho baduku ya ce a kawo. Na ce da wane saƙo? Ya ce, "Cewa ya yi kawai, in ta bushe a maido mishi, kuma ba sai an buɗe gaban kowa ba." Na ɗaga buhun. Laka ce, an kwaɓa ta da kyau, an lallaɓa samanta da tafin hannu har ta yi sumul. Ana ganin sawun yatsunshi a gefe.

Tana nan cikin ɗaki, bayan ƙofa, kusa da jan sirdin. Ban zauna ba, ban kuma mayar ba. Kullum da safe Habsu na yayyafa mata ruwa don kada ta bushe.